Bishiyar da ranta ke ƙoƙon kanta: Yadda masu lambu a Birtaniya ke ceto ta daga sanyi

A ranar 13 ga Disamba, 2022, ma'aunin yanayi a ƙauyen Braemar da ke Sikotilan ya sauka zuwa digiri 17.3 ƙasa da sifili. Ba can kaɗai ba, kusan duk faɗin Birtaniya an shafe fiye da mako guda ana kwana ana tashi cikin daskarewa. Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne shekarar ta zo da zafin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. A watan Yuli an auna digiri 40.3 a Coningsby da ke Ingila, irin zafin da muka saba sha a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, kuma har Nuwamba iska na da ɗumi-ɗumi. Tsirrai sun saki jiki abinsu, sai sanyi ya faɗo musu bagatatan.

Da ƙanƙarar ta narke, masu lambu da dama suka fito suka tarar da wata bishiya da suke ji da ita ta zama abin tausayi. Ganyenta da a da ke buɗe kamar laima ya yi baƙi, ya karye, ya rataya a jikin kututture kamar tsumma. Tambayar da ke bakin kowa ita ce: ta mutu ne, ko da sauran numfashi? Wanda ya yi kuskuren amsa zai iya tone bishiya mai rai ya jefar a bola, bishiyar da watakila ta girme shi.

'Yan uwa ɗalibai, amsar wannan tambaya tana cikin darasin bayoloji da kuke yi a babbar sakandare, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku labarin a wannan mako.

Wace irin bishiya ce wannan?

Idan malam ya zo kan rabe-raben tsirrai, za ku ji ya ambaci wani dangi da ake kira fan. Ba fanka ba, tsiro ne. Shi ne mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda ke fitowa a bakin rijiya ko jikin tsohuwar katanga mai danshi, kuma waɗanda suka taɓa zuwa Kudu sun gan shi manne a jikin bishiyar kwakwar manja. Masu maganin gargajiya ma sun san ɗaya daga cikin dangin, domin agugu da kakanninmu suka sani a matsayin maganin tsila saiwar wani nau'in fan ce.

Fan ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba ya da iri irin na gero ko wake. Idan ka juya bayan ganyensa za ka ga wasu ɗige-ɗige masu launin ƙasa. A ciki akwai ƙwayoyin haihuwa masu laushi kamar ƙura, waɗanda iska ke kwasa. Wadda ta faɗa wuri mai laima sai ta tsiro ta zama wani ɗan koren abu mai siffar zuciya, wanda bai wuce farcen yatsa ba, kuma a jikinsa ne ake haɗuwar da za ta haifar da sabon fan. Wannan haɗuwa ba ta yiwuwa sai da ruwa, dalilin da ya sa dangin suke son inuwa da danshi ke nan. Masana kimiyya sun ƙiyasta cewa sun fi shekara miliyan 300 a doron ƙasa, wato sun riga tsirrai masu fure zuwa da nisa.

Yawancinsu gajeru ne, amma akwai waɗanda ke miƙewa sama su yi kututture, daga nesa ka rantse ɗan dabino ne. Su ake kira bishiyar fan. Muna da namu a wannan yanki: a tsaunukan Mambila da Obudu, da kuma Dutsen Kamaru, akwai su a bakin rafuka da cikin kurmi. Ɗaya daga cikinsu ma, Cyathea manniana, an raɗa masa sunan Gustav Mann, Bajamushen da ya hau Dutsen Kamaru yana tattara tsirrai a farkon shekarun 1860. Sai dai namu ba ƙanƙara ce babbar damuwarsu ba, wutar daji ce da sare kurmi.

Wadda ake shukawa a lambunan Birtaniya kuwa baƙuwa ce daga nesa. Sunanta na kimiyya Dicksonia antarctica, kuma asalinta kudu maso gabashin Ostireliya ne, musamman tsibirin Tasmaniya. Wani Bafaranshe masanin tsirrai, Jacques Labillardière, shi ya raɗa mata wannan suna a farkon ƙarni na 19. Kada sunan ya ruɗe ku: ba ta tsirowa a nahiyar ƙanƙara ta Antatika, kalmar tana nufin 'yar kudu ce kawai. A dajinsu tana iya kai mita 15, ko da yake yawanci ba ta wuce mita 4 zuwa 5.

Yanzu ga inda ake so ku buɗe kunne. Abin da muke kira kututturenta ba katako ba ne. Idan aka tsaga shi, a tsakiya za a ga wani siririn kara mai ɓargo, cike da abinci mai sitaci, wanda mutanen asali na Ostireliya suka daɗe suna ci. Kewaye da karan akwai gindin tsofaffin ganyaye, sannan a waje akwai saiwoyi ƙanana dubbai da suka sarƙe da juna kamar soson wanka. Wato bishiya ce da ke sanye da saiwarta a matsayin riga. Ba ta da reshe, ba ta da ido a gefe. Wuri ɗaya tak take tsirowa, can a saman kai, cikin wani ɗan rami mai kama da ƙoƙo wanda gashi mai laushi ja-ja ya lulluɓe. A cikin wannan ƙoƙo ne sababbin ganyaye ke kwance a naɗe, kowanne kamar ƙadandoniya ta dunƙule, suna jiran lokacinsu.

Ku kwatanta da bishiyoyin gida. Ka sare zogale ko darbejiya daga tsakiya, bayan 'yan makonni za ka ga tofo ta ko'ina, domin suna da idanu da yawa a jiki. Amma ka lalata kan giginya, shi ke nan, ta tafi, komai tsawonta. Bishiyar fan a wannan fanni 'yar uwar giginya ce. Ganye zai iya ƙonewa ƙurmus ba ta mutu ba, matuƙar ƙoƙon kan yana lafiya. An ga haka a fili bayan manyan gobarar daji na Ostireliya a 2009 da kuma 2019 zuwa 2020: cikin daji baƙi ƙirin, bishiyoyin fan na cikin na farko da suka fitar da koren ganye daga saman ƙonannun kututture.

Sannan ga rashin sauri. A shekara guda kututturen ba ya ƙara tsawon da ya wuce santimita 2 da rabi zuwa 5. Ku ɗauki biro ku lissafa: wadda ta kai mita ɗaya da rabi, wato tsawon ɗalibin aji uku na ƙaramar sakandare, ta yi shekara 30 zuwa 60 a duniya.

Yadda ta tsinci kanta a ƙasar sanyi

A zamanin Sarauniya Biktoriya, Turawan Ingila sun kamu da son tara fan har abin ya zama kamar ciwo, kuma marubuci Charles Kingsley ya yi wa wannan yayi laƙabi a 1855. A yankin Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, har yau ana ba da labarin cewa kututturan farko sun zo ne a matsayin kayan nauyi da ake zubawa a gindin jirgin ruwa don kada ya yi tangaɗi, da aka jefar da su a bakin teku sai aka ga sun tofo. Ko ma yaya aka yi, bishiyar ta samu wurin zama. A lambun Trebah da na Heligan a Cornwall, da lambun Logan a Sikotilan, da Kells Bay a ƙasar Ayalan, akwai manya-manyansu, a Kells Bay ma har suna haihuwa da kansu kamar a gida. Duk waɗannan wurare suna kusa da teku ne a ɓangaren yamma, inda ruwan teku mai ɗumi da ke gangarowa daga wajen Tekun Meziko ke sassauta musu hunturu.

Matsalar ta taso ne da bishiyar ta zama abin yayi, mutanen tsakiyar ƙasa da gabashinta, inda sanyi ya fi cizo, su ma suka fara saye. Yawancin manyan da ake sayarwa daga dajin Tasmaniya ake saro su, bisa izinin hukumar kula da gandun dajin tsibirin, kuma kowane kututture sai an maƙala masa lambar shaida. Ana yanke ganyen, a loda su a kwantena kamar gungumen icce, su yi makonni a teku. Mai saye ya binne gindin a ƙasa, ya yi ta ba shi ruwa, sai ya ga ganye ya fito. Abincin nan da ke cikin ɓargo ne ke ɗaukar nauyin wannan doguwar tafiya.

Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, wato RHS, ta sa wannan bishiya a ajin tsirran da ke jure sanyi har zuwa digiri 5 ƙasa da sifili. Ku duba tazarar da ke tsakanin wannan adadi da abin da aka gani a Disamban 2022, ko a Disamban 2010, wanda shi ne Disamba mafi sanyi da aka yi a ƙasar cikin shekara ɗari.

Me ƙanƙara ke yi wa ganye?

Wannan gwaji kuna iya yin sa a gida idan an samu wuta. Ku sa ganyen alayyahu ɗaya a sashen ƙanƙara na firji ya kwana. Da safe ku fito da shi ku ajiye. Yana narkewa za ku ga ya yi duhu, ya yi laɓo-laɓo, ruwa na tsatsafowa. Ba zai sake miƙewa ba.

Abin da ya faru shi ne, jikin ganye ƙananan ɗakuna ne na ƙwayoyin halitta, kowanne cike da ruwa. Ƙanƙara takan fara kamawa a 'yan lungunan da ke tsakanin ɗakunan, sannan ta riƙa zuƙo ruwan da ke cikinsu tana ƙara girma. Ɗakunan sai su motse kamar kauɗar tumatir, fatarsu ta yage. Idan sanyin ya zo da gaggawa, ƙanƙarar kan kama har cikin ɗakin, kuma kun san ruwa idan ya daskare ƙara girma yake da kusan kashi 9 cikin ɗari, shi ya sa ledar ruwa ke kumbura a firji. Da an narke, komai sai ya zube. Abin mamaki a nan shi ne, tsiron da sanyi ya kashe kusan ƙishirwa ce ta kashe shi, alhali ruwa na kewaye da shi.

Tsiro yana da tasa dabarar. Idan sanyi ya shigo sannu a hankali, yakan tara sukari a cikin ƙwayoyinsa, kuma ruwa mai sukari ya fi wuyar daskarewa, kamar yadda masu sayar da ƙanƙarar zoɓo suka sani. Wannan shiri yana ɗaukar makonni. A 2022 ba a ba tsirran wannan dama ba.

Daren da ya fi haɗari shi ne wanda sama ta yi garau, ba gajimare, ba iska. Gajimare bargo ne, idan babu shi zafin ƙasa sai ya tsere sama. Iska mai sanyi kuma nauyi gare ta, gangarawa take ta taru a kwari, kamar yadda duk mai zuwa fadama da asuba lokacin hunturu ya sani. A dajin Tasmaniya manyan itatuwa, ciki har da dangin bishiyar turare, suna yi wa fan rumfa, suna kuma zuba mata busasshen ganye a ƙoƙon kai. A lambun bayan gida a Ingila tana tsaye ita kaɗai a fili. Ƙoƙon da ke tara mata ruwan sama a gida, a nan shi ke zama tarko: ruwa ya taru, dare ya yi, ya daskare daidai kan wurin da ranta yake.

Aikin farfaɗowa

Abu na farko da gogaggun masu lambu ke cewa shi ne a ajiye almakashi. Baƙin ganyen nan ba ya da kyan gani, amma yana tare iska, kuma wani sanyin na iya biyowa baya. Ana barin sa har sai hunturu ya wuce. Ko a lokacin ma, ganyen da ke da sauran kore ba a taɓa shi, domin duk ɗan koren da ya rage yana dafa wa bishiyar abinci daga hasken rana. Wanda ya mutu gaba ɗaya ake yankewa, kuma ba a yanke shi daf da jiki, ana barin ɗan guntun gindi, tunda da irin waɗannan guntaye ne kututturen ke ginuwa.

Sai wajen watan Afrilu ake yin binciken da ya fi komai muhimmanci, kuma ba ya buƙatar wata na'ura. Yatsa ne kawai. Mutum zai zura hannu a hankali cikin ƙoƙon kan, ya laluba ƙarƙashin gashin. Idan ya ji wasu dunƙule-dunƙule masu tauri kamar gaɓoɓin yatsu, to albishir, ganyayen bana ne ke kwance, bishiya na da rai. Idan kuwa ya ji abu ya yi taɓo-taɓo, hannu ya fito da baƙin ruwa mai wari, to ruɓa ta shiga.

Ko a nan ba a yanke ƙauna. Ainihin wurin tsirowar yana can ƙasa da dunƙulallun ganyen da ake iya taɓawa, a binne. Yana yiwuwa na saman su ruɓe, na ƙasan su tsira. Abin da ake yi shi ne a kwashe ruɓaɓɓen da yatsa ko ƙaramin cokali, a tsaya da zarar an taɓo wuri mai tauri, sannan a yi wa kan 'yar rumfa don ruwan sama ya daina taruwa, iska kuma ta samu shiga. Akwai masu ɗaukar zarto su yanke 'yan santimita daga sama suna neman lafiyayyen nama. A ganinmu wannan caca ce, domin wanda ya zarce kaɗan ya yanke abin da yake ƙoƙarin cetowa, kuma babu na biyu.

Daga nan sai ruwa. Ku tuna mun ce kututturen saiwa ne. Mai zuba ruwa a gindi kawai kamar yadda ake yi wa mangwaro bai shayar da wannan bishiya ba. Jikin kututturen ake jiƙawa daga sama har ƙasa, a ranakun zafi kullum. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai, domin bishiyar da sanyi ya raunana, wadda ba ta da ganyen da zai yi mata inuwa, rana da iska na iya busar da ita cikin sauƙi. Sai mai ita ya ce ai sanyi ne ya kashe ta, alhali sanyi ya kayar da ita ne kawai, ƙishirwa ta ƙarasa. Taki kuwa ba a gaggawar sa. Sai ganye ya fara buɗewa ake ba ta na ruwa, wanda aka sirka sosai.

Sauran aikin jira ne, kuma shi ya fi wuya. Lafiyayyar bishiya takan fara warware ganyenta tsakanin Afrilu da Yuni. Wadda ta sha sanyi tana iya yin shiru har Yuli ko Agusta. Shi ya sa ake ba da shawarar kada a tone ta kafin ƙarshen lokacin zafi, wasu ma sukan bar ta har shekara ta zagayo. Kututturen ba ya cin komai, ba ya tare wa kowa hanya, to saurin me ake yi? Idan ganyen ya fito, sau da yawa yakan zo gajere, kaɗan, wani a karkace. Ba abin tsoro ba ne. Bishiyar tana ciyar da kanta ne daga rumbun da ke cikin ɓargo, kuma rumbun ya ragu. Idan aka bari ta sake shan irin wannan wahala shekara biyu ko uku a jere, sai a ga saman kututturen yana tsukewa kamar bakin tulu, alamar ƙarfinta na ƙarewa. Komawarta yadda take yakan ɗauki shekaru.

Idan kuma kan ya mutu da gaske fa? Ga Dicksonia antarctica, yawanci magana ta ƙare. Amma tana da 'yar uwa daga ƙasar Niyu Zilan, Dicksonia squarrosa, wadda ke da halin dabino: takan fitar da 'ya'ya daga gindi. Ita ko uwar ta mutu ana barin gindin a ƙasa, domin 'ya'yan na iya tasowa. Saboda haka sanin sunan abin da ka shuka ba ƙawa ba ne. Mataccen kututturen ma ba a cika jefar da shi ba, akan dasa ƙananan fan a jikinsa, kamar yadda a dajin Tasmaniya wasu tsirrai, har da 'ya'yan manyan itatuwa, ke tsirowa a jikin bishiyar fan.

Shirin hunturu mai zuwa

Wanda ya ga abin da ya gani a watan Afrilu ba sai an tuna masa da Nuwamba ba. Kafin sanyi na farko ya sauka ake shiri, kuma tunda rai a ƙoƙon kai yake, daga nan ake farawa. Ana cusa busasshen karan alkama ko busasshen ganye a cikin ƙoƙon, kimanin cikin tafin hannu biyu ko uku. Ba a danna shi da ƙarfi. Ba karan ne ke ba da ɗumi ba, iskar da ke maƙale a tsakaninsa ce ke hana zafi fita, kamar dai yadda ɗakin da aka yi wa jinka da ciyawa ya fi na kwano daɗin kwana. Idan aka danne shi, iskar ta fita, amfanin ya tafi. A sama kuma akan ɗora 'yar hula, wasu na yanko farin soson nan mara nauyi da ke zuwa cikin kwalin talabijin, don ruwan sama ya riƙa zamewa gefe. Jiƙaƙƙen kara ya fi babu muni, tunda shi ma daskarewa zai yi.

A wuraren da ke da sauƙin sanyi, irin Cornwall, wannan kaɗai kan wadatar. A inda sanyi ke da tsanani kuwa, sai an naɗe saman kututturen. Ana amfani da buhun algarara ko wani farin yadi mara nauyi da ake yi musamman don rufe tsirrai, a zagaya shi sau biyu ko uku a ɗaure da igiya. Wasu kan kewaye kututturen da ragar waya irin ta kejin kaji, su cika tsakanin da kara. Ganyen kuma akan tattaro shi sama a ɗaure, ko a lanƙwaso tsofaffin su rufe kan. A gindi ana shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace mai kauri, don ƙasa kada ta daskare.

Babban kuskuren da sababbin shiga ke yi shi ne naɗe bishiyar da leda. A ido dabara ce mai kyau, tunda leda ba ta barin ruwa ya shiga. Amma ba ta barin sa ya fita ma. Da rana ta ɗan haska, sai gumi ya taru a ciki, kai ya jiƙe, ruɓa ta samu gida. Duk wanda ya taɓa ƙulle ɗanyen barkono a leda ya manta da shi kwana uku ya san abin da muke nufi. Abin rufin dole ya zama mai numfashi.

Ƙananan bishiyoyi, waɗanda kututturensu bai kai gwiwa ba, sun fi shiga haɗari, domin kansu na kusa da ƙasa inda iska mai sanyi ke kwanciya. Haka ma waɗanda ke cikin tukunya, tunda sanyi na kama saiwarsu ta kowane gefe. Irin waɗannan ɗauke su ake yi a kai ɗakin gilashi na rainon tsirrai, ko wata baranda mai haske da ba ta daskarewa. Ba a kai su falo kusa da na'urar ɗumama ɗaki, busasshiyar iskar ciki za ta yi musu illa.

Akwai kuma wani abu mai kama da saɓani da ke rikita mutane. An ce kada ruwa ya taru a kai, an kuma ce kada kututture ya bushe. Duka biyun gaskiya ne. A cikin hunturu ba a zuba ruwa a ƙoƙon kai ko kaɗan. Amma idan aka yi kwanaki ba ruwan sama, iska na kaɗawa, sai a zaɓi rana mai sauƙin sanyi a jiƙa jikin kututturen da hantsi, don ya tsane kafin dare.

Mu dai abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne lissafin nan na shekaru. Bishiya ta yi shekara arba'in tana girma a inuwar dajin Tasmaniya, an saro ta, ta ƙetare rabin duniya, sannan ta mutu a dare ɗaya saboda mai ita ya ji ƙyuyar fita da dunƙulen kara na minti goma. Akwai gidajen rainon tsirrai da ke tayar da ita daga ƙurar haihuwarta, kuma wanda ya sayi ƙarama irin wannan bai rage wa daji komai ba, sai dai zai jira.

Cire rufin ma yana da lokacinsa. Idan aka yi sauri, sanyin ƙarshe na watan Afrilu ko farkon Mayu zai iya ƙona ganyen da ya fara leƙowa, kuma sabon ganye ya fi tsoho rauni nesa ba kusa ba. Idan aka yi jinkiri, ganyen zai fara warwarewa a ƙarƙashin kara, ya fito a murɗe ko ya karye. Don haka daga tsakiyar Maris masu lambu kan riƙa bin hasashen yanayi kowace yamma. Sukan fara kwance na jikin kututturen, su bar na kai. Bayan wasu kwanaki su zare karan da hannu a hankali, amma su ajiye guntun yadi a kusa, duk daren da aka ce sama za ta yi garau su sake yafa mata shi, da safe su cire.